Wani ya ce zai turo mini shuɗiyar iguwana daga Legas, in tura kafin alƙalami?

Mai Tattabaru, Ringim: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema kafin in yi aikin da-na-sani. Kun dai san harkata tattabaru ce da zomaye, shekara shida ke nan. To tun watan jiya nake kallon bidiyon wani ƙaton ƙadangare da ake kira iguwana, mai ƙayoyi jere a gadon baya kamar zarto, fata na reto a ƙarƙashin haɓarsa kamar ta bijimi. Wallahi abin ya shiga raina. Na samu wani a Facebook, ya ce a Legas yake, yana da shuɗiya irin ta tsibirin Kayman, wai ba su da yawa a duniya. Naira dubu 350, in fara tura dubu 80 kafin alƙalami, ya sako ta a motar dare zuwa Kano. Raguna biyu nake turka don Babbar Sallah, ina tunanin in sayar da su. Me kuka gani?

Ɗan Maharbi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, raguna biyu a kan damo? Zo garinmu da damina ka ba yara ɗari biyar, kafin la'asar sun kawo maka uku.

Mai Tattabaru, Ringim: Yaya ba damo ba ne fa. Ka ga hoton kuwa? Shuɗi shar kamar an tsamo shi daga marinar Ƙofar Mata.

Ɗan Maharbi: Na gani. Damo ne ya yi boko.

Likitan Dabbobi, Dutse: A bar wasa tukuna, kuɗi ne zai fita. Ƙanena, iguwana da damo ba dangi ɗaya ba ne, a nan ka fi Ɗan Maharbi gaskiya. Damo da guza namu ne, nama da ƙwari suke ci. Iguwana kuwa ganye take ci, kuma babu ita a dajin Afirka ko ɗaya, asalin yawancin danginta nahiyar Amurka ce da tsibiran da ke kewaye. Amma maganar mutumin nan ba ta shiga kunnena ba. Shuɗiyar da yake faɗa a tsibiri ɗaya tak take a duniya, babban tsibirin Kayman, kudu da Kyuba. A ƙidayar da aka yi a 2002, waɗanda suka rage a daji ba su wuce 25 ba. Karnuka da kuliyoyi da motoci sun gama da su. Sai da aka riƙa ƙyanƙyashe ƙwan a killace, a raini 'ya'yan har su yi ƙwari sannan a sake su, a 2018 aka saki ta dubu. Dabbar da ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, kowacce da alamarta a jiki, ita ce wani zai cusa a kwali ya ba direban motar dare?

Mai Tattabaru, Ringim: Ranka ya daɗe Likita, to hoton fa? Har bidiyo ya turo mini tana cin gwanda.

Likitan Dabbobi, Dutse: Ɗayan biyu ne. Ko bidiyon wani ya ɗauko a intanet, ko kuma koriyar iguwana ce ta gama-gari. A cikin koren akwai waɗanda masu kiwo suka zaɓa suka yi ta haɗawa har launin ɗorawa ya ɓace daga fatarsu, sai su fito shuɗi-shuɗi. A kasuwa ana ce musu shuɗaye, kuma ba ƙarya aka yi ba, amma kama da wane ba wane ba ne. Ka duba kumatunta. Koriya tana da wata babbar ɓawo guda, zagayayya kamar kwabo, a ƙasan kunne. Ta Kayman ba ta da ita.

Mai Tattabaru, Ringim: Innalillahi. Akwai kwabon kuwa, ga shi nan ƙuru-ƙuru.

Direban Legas: Hahaha. Ɗan'uwa tsaya in ba ka labarina, ba na iguwana ba ne amma uwarsu ɗaya. Bara na ga tallar kajin nan masu gashi har ƙafa, na tura dubu 45. Washegari ya kira wai jami'ai sun tare kaya a hanya, sai an ba su dubu 15. Na tura. Jibi kuma wai kaji biyu sun galabaita sai an sai magani. A nan na farga. Ina cikin Legas ɗin fa a lokacin, na ce ya faɗi unguwar in zo da ƙafata, tun daga ranar lambar a kashe take. Matata har yau in ta so tsokanata sai ta ce Alhaji ina kajinmu masu safa.

Kuma ko da gaskiya ne, ni na san abin da motar dare take yi wa dabba. Na taɓa ganin an sauke kwalin aku a Zariya, an ɗora buhunan garin kwaki a kansa tun daga Ibadan. Ba sai na faɗi sauran ba.

Mai Shagon Caji, Gumel: Ni fa ban ga dalilin da za a taru a kan yaron nan ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Lokacin da aka fara kawo talotalo da zabin turawa ƙauyukanmu ba dariya aka yi ba? Yanzu wa ke dariya? In wannan ɗan damfara ne, a nemo masa na gaskiya. Kuɗinsa ne.

Likitan Dabbobi, Dutse: Ban hana shi sha'awa ba, Alhaji. Amma na gaskiyar ma akwai magana. Akwai yarjejeniyar CITES, ta cinikin dabbobin daji tsakanin ƙasashe, da aka sa wa hannu a Washintan a 1973, Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka shiga, kuma mun kafa dokarmu a 1985 kan fataucin dabbobin da ke neman ƙarewa, aka yi mata gyara a 2016. Yarjejeniyar ta kasa dabbobi rukuni-rukuni. Duk dangin iguwanar duwatsu na tsibiran Karibiyan, har da ta Kayman da mai ƙaho ta Haiti da Jamhuriyar Dominika, suna rukunin farko. Haka na tsibiran Fiji, masu zanen kore da fari. Rukunin farko ba a cinikin wanda aka kamo a daji tsakanin ƙasa da ƙasa, sam. Wanda aka haifa a killace ma sai da takardu masu tsauri. Koriya tana rukuni na biyu, ana cinikinta amma da takardar izinin fitarwa daga ƙasar da ta fito. Saboda haka duk wanda ya ce yana da mai wuyar samu, tambaya ta farko ita ce ina takarda. In babu, ko ƙarya yake ko kayan sata ne.

Mai Shagon Caji, Gumel: Takarda a ƙasar nan? Likita kai ma ka san da dubu biyu za a buga maka wadda ta fi ta gaske kyau.

Likitan Dabbobi, Dutse: Za a buga. Amma tana da lamba, kuma Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke da alhakinta, ana iya tambaya. Ɗan damfara ba ya son a ce za a tambaya.

Ɗalibi a Fulorida: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Na farka na tarar da saƙo ya haura sittin, ashe a kan maƙwabtana ake magana. Ni ɗan Kazaure ne, karatu ya kawo ni nan jihar Fulorida ta Amurka. Yaya Mai Tattabaru, abin da kake son sayar da raguna a kansa, nan fitina ce. Koriyar iguwana ba 'yar Fulorida ba ce, daga Meziko zuwa Barazil ne gidanta. Wasu sun shigo a jiragen ruwa, wasu kuma masu kiwo ne suka gaji suka sake su. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai 20 har zuwa 70 a shekara. Yanzu sun cika bakin magudanan ruwa, suna haƙa rami a ƙarƙashin hanya da katanga, suna cinye shukar mutane. A 2021 hukuma ta hana sabon kiwonsu a gida a jihar gaba ɗaya. In sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10 jikinsu sai ya mutu, in ya ƙara sauka su sandare su riƙa faɗowa daga bishiya tim, har masu hasashen yanayi suna gargaɗi. Ranar da na fara gani na ɗauka matacciya ce, na tsaya a kanta ina salati, rana na ɗagowa ta miƙe ta ruga.

Abin dariyar ma, a Kayman ɗin da ake lallaɓa shuɗiya kamar ƙwai, koriyar ta zame musu annoba. Daga ƙarshen 2018 gwamnati ta riƙa biyan mafarauta kan kowacce, aka kashe sama da miliyan ɗaya.

Ɗan Maharbi: Allahu akbar. A ce biyan mutum ake yi ya yi farauta. Ɗana, babu gurbin aiki a can?

Mai Tattabaru, Ringim: To ni yanzu ko koriyar ce ina so. Tunda ganye take ci ai da sauƙi, ga zogale ga rama a bayan ɗaki.

Likitan Dabbobi, Dutse: Abincin ne kawai mai sauƙi a wurinmu, gaskiya. Zogale, ganyen wake, ganyen rama, kabewa, kuɓewa, ɗan gwanda jefi-jefi. Alayyahu kaɗan-kaɗan, yana hana jiki cin moriyar kalsiyum. Latas ruwa ne kawai. Nama da ƙwai da dusar kaji kuwa kada ma ka fara, ƙoda suke kashe mata a hankali.

Rana ma muna da ita kyauta, wadda turawa ke sayen ƙwan lantarki mai tsada don su kwaikwaya. Akwai wani sashe na hasken rana da ake kira UVB, in babu shi ƙashinta laushi yake yi, muƙamuƙi ya kumbura, ƙafafu su lanƙwashe. Gilashi yana tare wannan hasken, don haka ajiye ta bayan taga aikin banza ne, sai keji na waya a fili, rabi rana rabi inuwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne iska. Dabbar kurmi ce, ta bakin kogi, tana son laima kamar kashi 70 cikin ɗari. Mu kuwa da hunturu laimar iskarmu takan faɗi ƙasa da kashi 20, leɓen mutum ma tsagewa yake. A irin wannan bushewar saɓarta ba ta fita duka, sai tsohuwar fata ta ɗaure yatsu da bakin wutsiya kamar zobe har su mutu su guntule. Ga sanyin asuba na Disamba da Janairu, ga zafin Afrilu da ke haura 40 a ƙarƙashin kwano. Wata huɗu na damina ne kawai za ta ji kamar gida. Sannan 'yar da za a kawo maka kamar tsawon tafin hannu da wutsiya, cikin shekara uku zuwa huɗu ta doshi mita ɗaya da rabi. Keji kamar ɗaki take buƙata, mai tsayi, don hawa take yi. Namiji in lokacin barbara ya zo yakan yi cizo, wutsiyarsa kuma bulala ce. Tana kai shekara 15 zuwa 20. Ka lissafa, lokacin 'yarka ta fari ta yi aure kana nan kana yanka kabewa.

Mai Shagon Caji, Gumel: Duk wannan ai dabara ce. Buhun algarara a jiƙa a rataya, randa biyu a cikin kejin, da hunturu a sa kasko da garwashi kamar yadda ake wa 'yan tsaki. Mu da muke raya kajin gidan gona ba wuta, ƙadangare ne zai gagare mu?

Likitan Dabbobi, Dutse: Ɗan tsako mako uku yake buƙatar kasko. Wannan kowane hunturu ne har shekara ashirin, kuma dare ɗaya ka yi barci mai nauyi shi ke nan. In ta kwanta ciwo kuma, ni dai na faɗa maka gaskiya, shanu da awaki na sani. Mace ko babu namiji takan yi ƙwai, in suka maƙale sai tiyata. Wa zai yi a Ringim?

Mai Shagon Caji, Gumel: Ku dai 'yan boko kullum ba za a iya ba, ba za a iya ba. Shi ya sa muke baya.

Likitan Dabbobi, Dutse: Alhaji, ni ake kira da tsakar dare in abin ya lalace, ba kai ba.

Shugaban Zaure: A yi haƙuri a sassauta. Alhaji, Likita, duk girmanku ne. A ci gaba da magana a kan dabba.

Hajiya Mai Kunkuru: Sannunku da muhawara. Ɗana Mai Tattabaru, yara nawa ne a gidanku? Ina tambaya ne don jikana ya taɓa kwanciya kwana biyar da gudawa da zazzaɓi, aka ce wata ƙwayar cuta ce salmonela, kuma an fi zargin wasan da yake yi da kunkuruna ya ci tuwo bai wanke hannu ba. Yawancin masu jan ciki suna ɗauke da ita a kashinsu, su ba ta damunsu. Tun daga nan na kafa doka, buta da sabulu a bakin garken.

Mai Tattabaru, Ringim: Hajiya yara bakwai ne, har da mai rarrafe.

Hajiya Mai Kunkuru: To ka ji.

Likitan Dabbobi, Dutse: Hajiya, ranki ya daɗe, kunkurun nan irin manyan nan ne masu launin ƙasa, masu ƙaya a cinya?

Hajiya Mai Kunkuru: Shi ne. Tun ina amarya surukina ya kawo shi daga wajen Maigatari, lokacin bai fi ƙoƙon fura ba. Yanzu maza biyu ne ke ɗaga shi da ƙyar. Ya haƙa rami a gindin darbejiya, da bazara sai ya shige mu yi sati ba mu gan shi ba. Harawa yake ci da ɓawon kankana.

Likitan Dabbobi, Dutse: To jama'a ga dabba mai wuyar samu a tsakar gidan Hajiya. Wannan shi ne kunkurun tudu na uku a girma a duniya, bayan na tsibiran Galafagos da na Aldabra. Ɗan Sahel ne, daga Senigal har Habasha, kuma a daji ya yi ƙaranci har an sa shi cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa. Tun 2000 aka hana fitar da wanda aka kamo a daji don ciniki.

Ɗalibi a Fulorida: Wallahi kuwa Likita. Nan ana sayar da 'ya'yansa a shagunan dabbobi, waɗanda aka ƙyanƙyashe a nan Amurka. Damo ma na gan shi a akwatin gilashi da farashi a manne. Yawancinsu daga Gana da Togo da Binin ake kwaso su suna ƙanana. Na tsaya ina kallonsa yana kallona, kamar mu gaisa da Hausa. Sai dai duk sun yi ƙiba kamar matashin kai, ɓeraye ake ɗura musu.

Ɗan Maharbi: Ɓera kullum? Sun kashe shi. Damo ƙadandoniya yake ci da gyare da buzuzu da dodon koɗi, har kunama. Da damina yake cika cikinsa, kitsen ya taru, rani na shigowa ya shige kogon bishiya ko tsohuwar suri ya yi watanni bai sa komai a baki ba. Ba a banza aka ce masa sarkin haƙuri ba. Amma maganar da na yi ɗazu ta yara su kawo uku kafin la'asar, wasa nake. Da ne. Lokacin mahaifina, in muka bi gefen fadama wajen Hadeja, guza sai ka ji ta faɗa ruwa tsulum kowane taku kaɗan. Masu goge da kukuma wurinsa suke sayen fata. Bana damina guda damo biyu na gani da idona. An sare kukoki, an nome surin, ga maganin feshi ya kashe abin da yake ci.

Malamin Islamiyya: Assalamu alaikum. An yi ta kirana a gefe wai in faɗi hukunci. Kiwon dabba don sha'awa ba laifi ba ne, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga yaro da ɗan tsuntsunsa har ya tambaye shi labarinsa. Sharaɗin shi ne haƙƙinta. Kun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Wanda ya san ba zai iya ba dabba yanayin da za ta rayu ba, ya kawo ta don a zo a gani, ya duba wannan da kyau. Kayan da aka sato daga ƙasar wasu kuma ba sai na yi bayani ba.

Ɗan Maharbi: Allah ya gafarta Malam, cin ta fa? Don na ji an ce a can ci suke yi.

Malamin Islamiyya: Kai dai ba ka wuce tukunya. Abin da ya zo a hadisi shi ne dabbu, wanda aka ci a gaban Annabi bai ci ba kuma bai hana ba, malamanmu suka fassara shi da damo. Na iguwana sai na yi bincike, ba zan yi fatawa da ka ba.

Ɗalibi a Fulorida: Kawu Ɗan Maharbi, ga wanda zai yi maka daɗi. A Jamaika akwai tasu iguwanar da aka ɗauka ta ƙare tun wajen 1948, saboda tunkun da aka kawo daga Indiya don ya kashe ɓerayen gonakin rake, ya koma cin ƙwanta da 'ya'yanta. A 1990 karen wani mafarauci mai neman aladun daji ya kamo guda a duwatsun Helsha. Da mutumin ya gasa ta ya cinye, da shi ke nan. Sai ya kai ta gidan zu, daga nan aka gano sauran.

Ɗan Maharbi: Ka ji ko. A riƙa girmama maharba.

Mai Tattabaru, Ringim: Jama'a ga yadda muka yi da mutumin. Na ce ya turo hoton takardar CITES, ya ce tana wurin yayansa a Kwatano. Na ce to ya rubuta sunan Ringim da kwanan watan yau a takarda, ya ajiye kusa da dabbar ya yi mini bidiyo. Ya ce ba ta son a dame ta da rana. Na ce akwai direba ɗan zaurenmu a Legas yanzu haka, zai zo ya gani da ido. Sai ya ce in ina wasa akwai wani Alhaji a Abuja da ke jira da kuɗi a hannu, ya rage mini zuwa dubu 50 in na tura kafin magariba. Yanzu na duba, hotonsa ya ɓace, saƙona layi ɗaya yake nunawa.

Direban Legas: Ko shi ne mai kajina? Tambaye shi in ya dawo.

Mai Shagon Caji, Gumel: Wannan ɓarawo ne, na yarda. Amma ina nan a kan bakana, da za a samu koriya ta halal da takardarta, ana iya raya ta a Jigawa. Wata rana wani zai yi, ku kuma ku zo kallo.

Likitan Dabbobi, Dutse: In ya yi ya kira ni in zo in koya, da gaske nake.

Mai Tattabaru, Ringim: Ragunan dai sun tsira. Hajiya, don Allah kunkurun nan naki ba ya da ɗa? Ko na ba ki tattabaru goma 'yan Masar.

Hajiya Mai Kunkuru: Ɗana, shekara talatin da wani abu yana zaune gwauro, ina zai samo ɗa? In kana son ganinsa ka zo ranar Juma'a bayan an sauko, ka taho da ɓawon kankana. Ka taho da magini ma in kana da shi, jiya ya sake ture mini katangar bayan madafi.